Distiributar da Mai Kunne Ya Zaɓa Mini

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, da safe, Allah Ya karɓi ran abokina kuma makanikena na shekara talatin da ɗaya, wanda kowa a layin gareji ke kira Mai Kunne. Daga Allah ya zo, gare Shi ya koma, mu ma hanyarmu ke nan. Kwanaki ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Yau dai na daure, domin akwai maganar da ban gaya maka ba, Mai Kunne, kuma ba ni da wanda zan gaya wa in ba takarda ba.

Aikinka ne ya jawo maka sunan. Kana zaune a kan tsohuwar kujerar motar nan da ka jingina da bangon gareji, mota za ta karyo kwana, tun ba ta tsaya ba sai ka ce, "Fulogi na huɗu ne." A buɗe bonet a tarar haka ne. Ban taɓa ganin ka cire abin da ke da sauran rai ka ce a sayo sabo ba. Ban kuma manta da ranar da ciwon mai ɗakina ya tashi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mota ta ƙi tashi ba. Da ƙafa ka zo, jiƙe sharkaf, da sukundireba ɗaya a aljihu. Ka tashe ta, ka karɓi makulli ka kai mu asibiti da kanka, ka zauna a benci har likita ya fito.

Motata tsohuwa ce, injinta silinda shida a jere. Na saye ta shekarar da aka ba ni shugabancin makaranta, 'ya'yana kuwa Kaka suke ce mata. Ciwonta ɗaya ne, distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta ɗaya bayan ɗaya. A cikinta akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, waɗanda ke cinyewa a hankali, sai an goge su an sake saita tazararsu. Saboda haka duk Asabar ɗin farkon wata ina garejinka. Aikin minti goma ne, amma sai in kai la'asar. Kana hango ni za ka ce, "Hedimasta, yau ma an kawo Kaka asibiti?" In ce, "Likitanta ne bai iya aiki ba." Bayan rasuwar mai ɗakina, yara kowa ya kama gabansa a wani gari, wannan Asabar ɗin ce kaɗai ranar da nake jin wani ya tsokane ni. Sauran kwanakin ni da rediyo ne.

Wata shida da suka wuce ka ce mini, "Hedimasta, mu rabu da kwantak ɗin nan. A sa mata distiributa ta zamani, mai aiki da maganaɗisu, babu abin da ke gogar wani balle ya cinye."

Na ce, "Me ta yi maka?"

Ka ce, "Ba ta yi mini komai ba. Tsufa ne."

Na ɗauka tsufan motar kake nufi.

Mako uku ka yi kana zaɓe, har na fara ce maka ko surukai za ka nema mini. Guda uku ka jera a kan teburin aiki. Ta farko mai ƙaton kai ce, koyil ɗinta, wato abin da ke ƙara wa wutar ƙarfi, a cikin murfi, kowa na yabonta. Ka gwada, ka ga za ta riƙa gogar jikin injin, ka ture ta gefe. Ta biyu ta yi kama da tawa kamar an tsaga kara, amma da ka jera su ka auna, sai ga sandarta ba ta kai tsawo ba. Ka nuna mini da yatsa cewa a irin wannan injin ƙarshen sandar ne ke juya famfon baƙin mai, in bai kama da kyau ba mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan, injin ya ƙone. Ta uku ka ƙirga haƙoran giyarta sau biyu, ka sa ni ma na ƙirga, wai ai ni malamin lissafi ne. Ka nemo koyil ɗin da ya dace da ita, ka ja mata sabuwar waya, ka saita lokacin wutar da kunnenka, idonka a rufe. Na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya.

Kana goge hannu da tsumma ka ce, "Shi ke nan, na sallame ka. Wannan ko shekara goma ba ruwanka da kowa."

Na yi dariya. Amma a kunnena kora ce. Ni kuwa mutum ne da ya shekara talatin yana korar masu zaman banza daga bakin ofishinsa, ban iya zuwa wurin sana'ar mutum ba tare da dalili ba. Asabar ta zo, mota lafiya, na zauna a gida. Wata ɗaya, biyu, har biyar. Kullum da safe in tashe ta in kasa kunne, ina fatan ko tari ta yi. Har fushi na yi da kai a raina, wai me ya hana ka kira ni, alhali ni ma wayar tana aljihuna.

Ranar waccan Larabar, sha bakwai ga wata, kaɗaici ya kai mini ko'ina. Na buɗe bonet, na zare wayar fulogi ɗaya da hannuna, na maƙale ta a gefe. Ni, tsohon hedimasta. Na kamo hanya mota na ɗingishi a kan silinda biyar, ina murmushi ni kaɗai, ina shirya amsar da zan ba ka in ka gano ni tun daga kwana.

Na tarar da ƙofar gareji a rufe, ƙanenka mai walda a tsaye, idanunsa jajur. Ya ce, "Malam, ba ka ji ba? Yaya ya rasu ɗazu. Kwanansa tara a asibiti." Ban san lokacin da na fito daga mota ba, ko kashe ta ban yi ba. Da ya ji yadda injin ke rawa, sai ya ɗaga bonet, irin na wanda hannunsa ya saba. Ya ga wayar yadda aka maƙale ta da kyau, ya dube ni, ya mayar da ita inda take.

Da na je yi wa mai ɗakinka ta'aziyya ta ce, "Malam, tun bara hannunsa ya fara rawa. Ya ce ba ya iya saita maka kwantak daidai kuma, masu gyaran yanzu kuwa babu wanda ya san kansa, yana tsoron ranar da motar za ta tsaya da kai a hanya ba ya nan. Ya hana ni in gaya maka." Sannan ta ƙara da cewa, "Na sha ce masa ya kira ka. Sai ya ce a'a, rashin zuwanka alama ce aikin ya yi kyau."

Ashe kana shirya mini rayuwa bayanka ne, ni kuma ina gida ina kumbura. Ka yafe mini, Mai Kunne. Ba don kwantak nake zuwa ba, don kai ne, kuma girman kai ne ya hana ni faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da ƙanenka, da duk direban da ka taɓa tsayawa dominsa a gefen titi. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa mutane. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara.

Aikin ya yi kyau, kamar yadda ka ce. Yau da safe na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Na zauna a ciki har injin ya yi zafi, na rasa inda zan je, na kashe ta na koma ɗaki. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, inda ba sai na nemo dalilin zuwa wurinka ba.