Hannun Hagu na Baba Ɗanjuma

Komai zan iya mantawa a aikin nan, ban da ranar da na kai wa Baba Ɗanjuma amfilifayarsa Gwagwalada. Ku da kuka shigo aiki kuka tarar da kwamfuta ba ku san shi ba. Shi ne babban injiniyan sashen gyara a gidan rediyon da na yi aiki a Abuja, mutumin Gbagyi, kuma a hannunsa na koyi riƙon ƙarfen dalma da ake liƙe wayoyi da shi. Mafaɗaci ne na ƙin ƙarawa, amma ban taɓa ganin mai kyan hannu irinsa ba.

Bayan dawowar mulkin farar hula kuɗi suka shigo, aka cika mana ofis da sabbin na'urori, aka kwashe tsofaffin zuwa sito ana jiran gwanjo. A ciki har da wata amfilifaya mai kwalabe, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika. Kwalaben nan kamar ƙananan ƙwan fitila suke, sai sun yi ja sun ɗau zafi sannan sauti ke fitowa. Baba ya fi shekara ashirin yana lallaɓa ta.

Bai daɗe da yin ritaya ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Wata rana 'yarsa Ladi ta same ni a ofis ta ce, "Yaya Sabo, Baba ya daina kallon kowa. Abinci ma ya ƙi. Likita ya ce mu nemo masa abin da ya saba da shi, ni kuwa ban san komai ba sai akwatin nan naku."

Kayan gwamnati ba ya fita ƙofa sai da takarda. Na rubuta ta hannun shugaban sashe, ta hau wurin darakta, ya kira ni. Ya ce, "Malam Sabo, wannan tarkacen? Ga sabuwa dal, ka ɗauka aro." Na ce, "Ranka ya daɗe, waccan ya sani." Ya ja takardar ya sa hannu.

Mako biyu na yi a kanta. Ɓeraye har sun yi gida a ciki. Na share, na canza abin da ya bushe, na riƙa ba ta wuta kaɗan-kaɗan don kada ta firgita. Taransifomarta, wadda ke miƙa wa lasifika ƙarfin sauti, ita ce kawai ban taɓa ba, don na zagaye kasuwar Utako kaf ban samu irinta ba. Irin wannan na'ura kuwa tana da doka guda: ba a kunna ta sai an haɗa wayar lasifika. In ba haka ba ƙarfin ya rasa mafita, ya koma ya ƙone taransifomar, shi ke nan. Ina sabon shiga Baba ya taɓa kwaɗa mini sukundireba a bayan hannu saboda wannan.

Ranar Asabar da hantsi na isa gidan. Yana zaune a baranda, ya rame har sai da na juya baya na share ido. Na durƙusa na gaishe shi, bai ko motsa ba. Na jera kayan, har da lasifika da garmaho, a tebur ta wajen hagunsa, na ɗora faifan kiɗan girbi na ƙauyensu da shi da kansa ya ɗauko yana saurayi. Wallahi hankalina duk yana kan fuskarsa. Na miƙa hannu zan danna makunni.

Caraf ya damƙe mini wuyan hannu. Ladi ta ce, "Baba, Sabo ne fa, sake shi." Na ɗauka ba ya so ne. Sai na ga idonsa ba a kaina yake ba, yana ƙasan tebur. Na leƙa. Ga wayar lasifika nan yashe a siminti, tun da na cire ta a ofis ban mayar ba. Subhanallahi! Ni da furfurata, ni da nake koya wa wasu.

Da hannu ɗaya na jawo ta na ɗaura. Sai da ya ga na murɗe ƙusoshin biyu tamau sannan ya sake ni. Ya ture hannuna gefe, ya danna makunnin da kansa.

Muka tsaya muna jira. Kwalaben suka fara ja a hankali, can sai ganga ta taso, muryoyin mata suka biyo baya, sauti mai kauri da taushi irin wanda sabbin nan ba sa yi. Yatsansa ya fara buga hannun kujera. Kafin faifan ya ƙare Ladi ta kawo kunu, ya shanye kofi guda, ita tana ba shi tana kuka.

Darakta ya ƙara mana wa'adin aron. Baba ya yi wata huɗu ya rasu. Ladi ta ce kullum da safe sai ya shafa wayar nan tukuna kafin ya kunna.

A nan na gane aikinmu ba a baki yake zaune ba, a hannu yake, ko magana ta tafi yana nan. Shi ya sa in kun ga na daka muku tsawa a kan waya guda, ku yi haƙuri. Har yau in na miƙa hannu ga makunni, sai na ji yatsun mutumin nan a wuyan hannuna.