Keken Kawu da Muka Jira a Kwanar Ɗangora

Ni ce na jawo maganar. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da lambu a bakin rafi bayan Bebeji, kuma shekara da shekaru a keke yake kai tumatir da albasa kasuwa. Da keken ya karye daga ƙashin baya, mai walda ya ce ba zai ƙara ɗaukar kaya ba, sai Kawu ya sayar da akuyarsa ya fara cigiyar wani. A lokacin ina koyarwa a firamare, ina ji da wayata. Na nuna masa hoton wani baƙin keke mai kariyar ɗaukar kaya a baya, a shafin wani mai sayar da kekuna a intanet, na ce ya fi na kasuwa araha nesa ba kusa ba.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, “'Yar nan, kin san mutumin?”

Na ce, “Kawu, ai kowa haka yake saye yanzu.”

Kafin na tura kuɗin, mutumin ba ya minti biyu bai amsa mini ba. Hajiya sama, Hajiya ƙasa. Da kuɗi suka shiga ya ce ranar Asabar zai ba da keken ga wani direba da zai bi hanyar Zariya, mu tare shi a Kwanar Ɗangora.

Tun da hantsi muka isa. Kawu ya sa wankakkiyar riga, har da 'yar igiyar roba a aljihu ta ɗaure kaya. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe ya leƙa samanta. Na kira mutumin, waya ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Na rubuta masa, na ga alama ta nuna ya karanta, shiru. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Wani ɗan kamasho da ya gaji da ganinmu ya tambayi lambar motar, na ce ba a ba ni ba. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya juya ya yi tafiyarsa. Da magariba ta gabato muka koma gida babu keke.

Kwana tara ina rubutu. Da farko da lallashi, daga baya na ce mun fasa, ya dawo mana da kuɗinmu. Kowane saƙo yana karantawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum sai ya ɗora hoton sabon keke a shafinsa. Na rubuta ƙorafina a ƙarƙashin hoton, kafin na fito daga aji an goge. Na nemi izini a makaranta na shiga mota zuwa banki a Kano. Ma'aikaciyar ta saurare ni da kyau, sannan ta ce da hannuna na tura, sai dai na cike takarda na kawo rahoton 'yan sanda, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Kawu bai taɓa ce mini uffan ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Wata safiya ina kan hanyar makaranta na hango shi da kwandon tumatir a ka, yana tafe yana tsayawa, mutumin da gwiwarsa ke ciwo. Na ratse bayan wata katanga don kada mu haɗu. Matarsa kuwa da na je gaishe su, ta amsa mini tana kallon tukunya, ta ce, “Malama, ya keken waya?”

Ranar ce Kawu ya kira ni zaure. Ya ce, “Na ji ana aika magana da murya a abin nan. Danna mini.”

Na ce, “Kawu, ba ya amsawa.”

“Ban ce ya amsa ba. Danna.”

Na danna. Ya yi sallama, ya gaishe da mutumin, ya tambayi iyalinsa kamar suna zaune a tabarma ɗaya. Sannan ya ce, “Yaro, ni ne mai keken. Akuya na sayar. Ita wannan yarinya ba ta ci ko sisi ba, amma kunyata ta hana ta haɗa ido da ni. Idan keken ne babu, ka dawo da abin da aka ba ka. Idan ka riƙe, ni ba ni da ƙarfin bin ka, amma ban yafe ba.” Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya ɗauki butarsa.

Ina tsaye a zauren na ga alama ta nuna an saurara. Sai rubutu ya fito a sama cewa mutumin yana rubuta amsa. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na fi minti goma ina kallon wayar, babu abin da ya shigo. Da na duba da yamma, ya toshe ni, ko hotonsa ba na gani. Na ce shi ke nan, na fara tunanin yadda zan haɗa wa Kawu daga albashina.

Bayan kwana biyu ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara a jaka. Alat ne daga banki. Kuɗin sun dawo, amma ba duka ba, ya yanke wani abu, a wurin bayani ya rubuta “kuɗin mota”. Motar da ba mu taɓa gani ba. Na fita bayan aji na jingina da bango na sake karanta saƙon.

Na cika giɓin ban gaya wa Kawu ba. Ranar kasuwa ya je wajen wani mai gyaran keke ya sayi na hannu, bayan ya hau shi ya zagaya sau uku, ya matsa birki, ya ɗaga shi ya girgiza. Har yau ban sani ba ko baƙin keken nan ya taɓa zama a hannun mutumin, ko hoton kawai ya samo a wani wuri.