Sunan Da Hure Ba Ta Faɗa

Idan ka sauka daga kwalta tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, ka bi burtalin da ya ratsa gonakin dawa, ba sai ka tambayi gidan Hure mai daddawa ba. Hancinka zai kai ka. Yankin namu gona jikin gona ne, gida jikin gida, in ka yi atishawa a kunyarka maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Saboda haka kowa ya san Hure, ko kuwa in ce kowa ya ɗauka ya san ta.

Gajeruwa ce, ta haura hamsin, ba ta da yawan magana. Tun tana amarya take dafa kalwa a gindin ɗorawar da ke tsakar gidan mijinta, Malam Ɗanliti. Dahuwar kalwa kuwa wuni guda take ci, ba a yi mata gaggawa. Sai ka ga Hure a kan kujerar tsugunno, ta zuba wa tukunya ido, tururi yana tashi yana shiga cikin ganyen ɗorawa. Mata su ce gyangyaɗi take yi. Ina! Idonta biyu. A cikin tururin nan take ganin abubuwa: jakunan mahaifinta suna dawowa daga birni da mangalar taki, kakarta tana sheƙar gero a bakin rumbu, ruwan farko yana sauka a kan shuka. Kalmomi su riƙa zuwa mata bi da bi, masu amsa juna a ƙarshe, ta tauna su a baki, ta haɗiye. Shekara da shekaru haka, babu wanda ya ji ko ɗaya.

Tana da 'ya'ya shida, amma biyar take kira da suna. Na farin, Zaharaddini, tun ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa sashenta, kamar yadda ake yi. Hure ta yi kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, cikakkiya ba ragi. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta yi masa wasa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan yaron" take cewa. Shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Yau ga shi magidanci, shekararsa talatin da shida, yana gyaran injin ban-ruwa a Dawakin Tofa, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yanzu wancan yaron ne.

Kada ka ce ba ta son sa. Wallahi duk cikin shidan babu wanda take ji kamarsa. In ya shigo gaisuwa takan juya baya tana jujjuya daddawar da ta riga ta bushe, kunnenta kuwa yana kan takunsa. Da jin yadda ya ja takalmi ta san ko ya ci abinci.

Wata ranar Sallah, gida ya cika, tana bayan zana tana kwashe tuwo, sai ta ji ƙannensa suna tsokanarsa. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ni fa ina shakka ko Yaya ta san sunana ma." Aka kwashe da dariya. Wasa ya yi, kowa ya san wasa ne. Amma maganar ta shige ta, ta zauna, ta ƙi fita. Ranar ko loma ba ta kai baki ba.

A shekarar ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a firamaren garin, bayan la'asar. Malama Tahira ce ke koyarwa, yarinya 'yar birni da aure ya kawo ta, mai fara'a, wadda ke kwala wa ɗanta na fari kira da sunansa a tsakiyar titi ko a jikinta. Hure ta shiga ajin don ta riƙa karanta sunayen masu kiranta a waya. Sai ga shi ta gano wani abu da ba wanda ya gaya mata: takarda ba ta da kunne. Abin da baki ya kasa, hannu yana iya ajiye shi shiru, a rufe littafi, a tura ƙarƙashin tabarma. Kalmar farko da ta rubuta ita kaɗai, ba a kan allo ta gan ta ba. Ta rubuta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta rufe da tafin hannu kamar wani zai ƙwace.

Daga nan waƙoƙin tururi suka sami masauki. Cikin shekara huɗu ta cika littafin makaranta uku, duka suna warin daddawa.

Ran nan Malama Tahira ta zo da labari. Wata ƙungiyar marubuta za ta yi taron kwana uku a birnin Kano, kuma ta ware tallafi don sababbin marubuta da mawaƙa da ba su da halin zuwa: kuɗin mota, masauki, abinci, har da rajista. Waƙa ɗaya kawai za a tura, alƙalai su duba. Waɗanda aka zaɓa kuma za a buga aikinsu a littafi.

"Malama, ni ce sabuwa?" in ji Hure. "Da haƙoran nan nawa?"

"Rubutun ne sabo, Inna Hure. Ki ba ni in zaɓa."

Ta miƙa mata littattafan ba tare da tunanin komai ba. A ganinta, abin da aka rubuta ya riga ya yi shiru ke nan har abada. Wasu malamai can za su duba da ido, su rufe. Malama ta ɗauki hoton shafi ɗaya da wayarta ta tura.

Bayan sati biyar amsa ta zo. An zaɓi Hure. Malama ta shigo gidan da gudunta, mayafi a hannu, tana karanto saƙon. Hure tana murmushi har aka zo layin ƙarshe, inda aka ce duk wanda ya sami tallafi zai tsaya a gaban taro ranar rufewa ya karanta aikin da ya turo da bakinsa, kuma wanda bai karanta ba ba zai shiga littafin ba.

"Wacce kika tura?"

"Ta ɗorawar nan mana. Ai duk ta fi su."

Hure ta nemi kujera ta zauna. Waƙar ɗorawa ita ce wadda ta ƙare da sunan wancan yaron. Sai a lokacin Malama ta gane abin da ta yi, ta kama baki. Ta buga waya ta roƙa a canza, aka ce a yi haƙuri, wadda alƙalai suka zaɓa ita za a karanta.

To ga Hure a tsakiya. In ta ƙi zuwa, waƙar ta koma ƙarƙashin tabarma, gara ta cinye ta wata rana, wancan yaron kuma ya tsufa yana shakka. In ta je, sai ta buɗe baki a gaban jama'a ta faɗi abin da uwarta ba ta faɗa ba, kakarta ba ta faɗa ba.

Malam Ɗanliti, da ya ji, ya ce, "To ki tsallake wurin mana. Wa zai sani?"

"Malam, duk waƙar don wurin aka yi ta."

Ya dube ta, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Mutum ne da ya san inda iyakar gonarsa take.

Kwana uku tana shawara da tukunya. A na huɗu ta sami mafita. Birni ai babu wanda ya san ta. Baƙi ne za su ji, su tafa, su watse, su manta. Faɗa a gaban wanda bai san ka ba kusan daidai yake da rubutawa a takarda. Ta sa Malama ta yi mata alkawari ba za ta gaya wa kowa abin da ke cikin waƙar ba. Malama ta cika alkawari, a ba ta wannan. Sai dai an karanta sunayen waɗanda suka sami tallafin a rediyo, da ranar da za su yi karatu, kuma rediyon shagon gyaran inji ba ya mutuwa.

Taron ya zo wa Hure kamar mafarkin rana. An ba ta ɗaki ita da Malama, da gado mai laushin da ya hana ta sakewa, har ta sauke bargo ƙasa. An rataya mata kati a wuya da sunanta. Ta ga 'yan mata sa'annin jikokinta suna musu da farfesoshi, rabin maganar da Turanci. Wani dattijo mai farin gilashi ya karɓi littafinta ya duba, ya shinshina, ya ce rabonsa da jin ƙamshin gidansu tun rasuwar mahaifiyarsa. Ta rasa inda za ta sa kanta. Duk inda ta zauna, labulen tagogi yana motsi a hankali, sai ta ga kamar tururin tukunyarta ne ya biyo ta.

Ranar rufewa, da hantsi, aka kira ta. Zauren cike yake. Ta hau dandamali, Malama ta rage mata tsawon makirufo, ta buɗe takarda. Da ta fara sai muryarta ta zauna.

"Ɗorawar gidanmu, ke kin san ni,
Ranar da aka karɓe shi a zani.
Na sunkuyar da kai kamar ban damu ba,
Ƙirjina na tsiyaya har tsakar rani."

Ta ci gaba, baiti bayan baiti: yadda ta riƙa leƙensa ta hudar zana yana koyon tafiya, yadda ta riƙa aika masa ƙosai ta ce kakarsa ce ta saya, ranar da ya faɗo daga kan jaki ta tsaya da ludayi a hannu wata ta riga ta ɗaukarsa. Wata mata a layin gaba ta ja mayafi ta rufe fuska. Hure ta ji sauƙi. Baƙi ne, za ta iya.

Saura baiti ɗaya ta ɗaga ido don ta ja numfashi. Can baya, jikin ƙofa, inda waɗanda ba su da kati suke tsayawa, ga mutum da rigar aiki mai tabon baƙin mai, ya riƙe hularsa da hannu biyu. Ko a cikin dubu ta san wannan tsayuwar.

Ta mayar da ido kan takarda. Haruffan suna nan inda ta bar su. Komawa baya babu hali, ta shiga baitin ƙarshe da 'yar muryar da ta rage mata.

"Takarda, ba ki da kunne, riƙe mini
Abin da bakina ya kasa tun tuni.
Ɗan fari, sanyin idon da ban kalla ba,
Zo in kira ka sau ɗaya..."

Nan ta tsaya. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Shekara talatin da shida suka taru suka zauna mata a kan harshe. Tana jin ƙarar fanka, tana jin wani yana gyara zama, tana ganin mai gabatarwa ya dubi agogo ya dubi alƙalai. Ta san in ta sauka a haka, ba ta karanta ba ke nan. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta fara ninke takardar.

Sai daga can baya, ba da ƙarfi ba, murya ta ce, "Na'am."

Kowa ya waiwaya. Shi bai dubi kowa ba, kansa a ƙasa, hawaye yana bin gemunsa. Ya amsa ne kawai yadda ɗa ke amsawa idan uwarsa ta kira shi daga tsakar gida.

An daɗe ba a tafa ba. Dattijon nan mai farin gilashi, wanda ashe shi ne babban alƙalin, ya cire gilashin ya goge, ya ce da na kusa da shi a rubuta an karanta, tunda wanda aka kira ya ji.

Littafin ya fito bayan kaka. Waƙar tana shafi na arba'in da ɗaya, da sunan a ƙarshenta cikakke, baƙi a kan fari. An ce akwai kwafi ɗaya a shagon gyaran inji a Dawakin Tofa, cikin leda, a saman kanta inda mai ba ya kaiwa. Hure tana nan gindin ɗorawarta, ta shiga littafi na biyar, kuma har gobe ba ta faɗi sunan ba.

Amma a ranar, da ta sauko daga kan dandamali, mutane suna ta miƙo hannu, ba ta tsaya wa kowa ba. Ta ja Malama Tahira gefe, ta ciro tikitin abincinta na rana daga bakin zani, ta danƙa mata, ta juya wa ƙofa baya.

"Malama, kai wa wancan yaron. Na ji yadda ya ja takalmi, bai karya ba."