Takwas Bisa Ashirin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a wata makarantar horar da malaman firamare a Yamai, can ƙetaren kogi wajen Lamorde. In aka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi a wannan aiki, ba na dogon tunani: littattafan yara ne da ɗalibaina suke yi da hannunsu. Ni na kawo tsarin. Duk ɗalibin da ke shekarar ƙarshe sai ya ƙaga labari da Hausa ko Zabarmanci, ya zana hotunansa, ya ɗinke shi ya zama littafin da ɗan shekara shida zai riƙe ya duba. Da farko dariya aka yi mini, wai Madam ta mai da ƙatti ƴan wasan kala. Da makin aikin ya shiga sakamakon ƙarshe, aka ce wanda bai kai goma bisa ashirin ba sai ya maimaita shekara, sai dariya ta ƙare.

Ba a san ni da sassauci ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Jan alƙalamina ba ya daɗewa bai ƙare ba. Mu biyu muke duba littattafan, ni da wani abokin aikina, mutumin kirki mai sanyin magana, haifaffen Yamai da ya yi karatu a waje. Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci. Muna da takarda guda da muke bi wajen ba da maki, wadda muka dawo da ita daga wani horo da aka yi mana. An jera komai a ciki: tsabtar zane, sauƙin kalmomi, ko labarin ya tafi daidai. Akwai kuma layi mai cewa littafi ya nuna wa yaro ƙauna tsakanin iyaye da ƴaƴansu. Ni da kaina na fassara takardar, na kuma riƙe ta kamar an saukar mini da ita daga sama.

A wata shekara akwai wata ɗaliba ƴar wani ƙauye kusa da Tawa, doguwa, marar yawan magana, wadda take zaune gidan kawunta direba. Ba ta da ƙarfi a sauran darussa, da ƙyar take hayewa. Kowa a ajin ya san cewa in ta faɗi a wannan shekarar, gida za a mai da ita, ba maganar maimaitawa. Littafinta ne zai ɗaga ta ko ya kayar da ita, ita ma ta sani.

Littafin ya zo da bangon kwali, an lulluɓe shi da ƙyallen atamfa, an ɗinke da zare mai kauri. Labarin wata yarinya ce mai jan kallabi da ta bi uwarta kasuwar Katako. Ta tsaya kallon masu tsaga katako, ta juya ba uwa. Zanen kam babu abin cewa. Ga tulin alluna sun fi yarinyar tsawo, ga masu tura kura, ga mai suyar fari masa da kaskonta, har kana jin kamar hayaniyar za ta fito daga takarda. Abin da ya ɓata mini rai uwar ce. Tun daga shafin farko ba ta dubi ɗiyarta ba ko sau ɗaya. Da yarinyar ta ɓace, ba ta ƙwala kiran sunanta ba, sai bin mutane take tana tambaya ko sun ga wata yarinya mai jan kallabi. Da aka gan ta, ba runguma, ba kuka, ba ko dafa kai. Uwar ta ce, "Ke, mu tafi," ta yi gaba, yarinya ta bi bayanta. Littafi ya ƙare.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga hannu mai kyau an kashe shi a banza. Na ɗauki takarda na rubuta da ja: "Wace irin uwa ce ɗiyarta za ta ɓace a kasuwa ta kasa kiran sunanta?" Na ba ɗalibar takwas da fensir. Abokin aikina ya duba, ya girgiza kai, ya ce shi ma takwas ɗin ya gani. Ya ce littafin yana da sanyi, zai iya sa yaro ya ji ba a son sa.

Abin da ya cece ni daga zalunci wata ɗabi'a ce da na ɗora wa kaina tun farko. Ba na sa maki da tawada sai na kai littattafan gaban masu su. Ranar Asabar da hantsi nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidana a unguwar Dar es Salam, in tara yaran maƙwabta, in zube littattafan in koma gefe ina tsinkar zogale ina kallo. Yara ba su san ladabin ƙarya ba. Littafin da bai yi musu ba, shafi biyu za su buɗe su jefar, ko da kuwa mai shi ya fi kowa iya Faransanci a aji.

A ranar, littafin Katako ne ya jawo faɗa. Sai da na raba su, na ba wata ƴar maƙwabciyata mai shekara takwas, wadda ta fi su iya karatu, na ce ta karanta wa kowa. Suka kasa kunne. Da aka zo inda uwar take tambayar mutane, sai na kasa haƙuri na sa baki.

"Ku dai ku gaya mini, wannan uwar tana son ɗiyarta kuwa? Ko sunanta ba ta kira ba."

Mai karatun ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa tufa.

"Tanti, ai ɗiyar fari ce. Ƙaƙa za ta faɗi sunanta cikin kasuwa?"

Kafin in ce wani abu, sauran suka rufe ni da bayani, kowa yana nuni da yatsa. Suka ce in dubi ƙafar uwar, takalmi ɗaya ne, ɗayan ya tsinke tun tana gudu, ga shi can an zana shi ƙarami kusa da mai kura. Suka ce in dubi kwandonta, tumatir ya zube ba ta tsaya kwashewa ba. A shafin ƙarshe kuma, inda na ga uwa ta juya wa ɗiya baya, su abin da suka gani daban ne: ta saki gefen mayafinta ta baya ya yi tsawo, yarinyar ta damƙe shi, uwar kuma ta rage tafiya, don an zana ƙafafunta kusa da juna. Kafin ranar, sau uku na duba littafin nan da tabarau a idona, ban ga ko ɗaya ba.

Na ajiye tiren zogale. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a gaban yara, domin ni ma ƴar fari ce. A Maraɗi aka haife ni, kuma har uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan," ko ta aiko ƙanena ya kira ni. Ranar da aka ce na ci jarrabawar shiga kwaleji, ba ta ce mini komai ba, ta dai shiga ɗaki ta daɗe. Ban taɓa shakkar tana so na ba, ko na yini ɗaya. Amma ga ni da girmana, na zauna da takardar wani horo na kwana biyar, na auna uwar wata da ita, na ce ba ta cika uwa ba.

Ranar Litinin tun kafin a buga ƙararrawa na tari abokin aikina a ofis. Na buɗe masa shafi-shafi na nuna masa abin da yara suka nuna mini. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya san al'adar mana, su ma suna da irinta, amma yaran birni na yanzu fa? Ya ce mu malamai ne, aikinmu mu koya wa iyayen gobe su riƙa nuna ƙauna a fili, kuma takarda ta ce a nuna.

Na ce, "Mushe, an nuna. Mu ne ba mu gani ba. Yaran birnin da kake faɗa su suka karanta mini shi shekaranjiya."

Muka yi ta ja har muryata ta hau, har mai share ofis ya leƙo. Na san ina da zafi, kuma na san rabin zafin nan da kaina nake yi ba da shi ba. Daga ƙarshe ya ce ba zai canja makinsa a bayan idon ɗalibar ba. Ranar da za ta kare aikinta a gabanmu zai yi mata tambaya ɗaya, in ta amsa, shi ke nan. Na yarda, ko da yake ina tsoro, don yarinyar nan in aka matsa mata, sunkuyar da kai take yi ta yi gum.

Ranar ta zo. Aji ya cika da ɗalibai, iyaye da dangi kuma suna waje gindin bishiyoyi suna jira. Ta tsaya a gabanmu da littafin a hannu. Abokin aikina ya tambaye ta cikin taushi me ya sa ba ta bar uwar ta rungumi ɗiyarta ba, tunda littafi ne, kuma a littafi komai na yiwuwa.

Na fara salati a zuciya. Can sai ta ce, "Mushe, na zana hakanan da farko. Na yage shi."

"Don mi?"

"Yaran da zan koyar a ƙauye, da yawa hakanan uwayensu suke. In sun ga ta littafi tana runguma, za su ce ta littafi ta fi tasu. Ni so nike su koma gida su duba da kyau."

Ban san lokacin da na buga tebur ba. Ajin ya kwashe da dariya, don ba su taɓa ganin Madam ta buga tebur don murna ba. Abokin aikina ya ja takardarsa ya soke takwas ya rubuta sha shida. Ni na ba da sha bakwai, na kuma faɗi makin da ƙarfi. A duk shekarun da na yi a makarantar nan, ban taɓa jin ɗalibi ya faɗi abin da littafin yara yake yi a taƙaice kamar yadda ta faɗa ba, ni ma da nake koyar da darasin ban taɓa faɗar sa haka ba. Na yi alfahari da ita har cikin raina, kuma ina yi har yau.

Da aka tashi na fito, sai na gan ta durƙushe gaban wata dattijuwa siririya da ke zaune kan benci da ƙullin kaya a gefe. Uwarta ce, kawun ya ɗauko ta daga ƙauye. Yarinyar tana gaya mata ta ci, dattijuwar kuwa idonta na kan wata akuya da ke cin takarda bakin katanga. Abin da kawai ta ce shi ne, "To, madalla."

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe ta. Nan ta saki fuska, ta tambaye ni gida da aiki da gajiya, ta sa mini albarka. Sai ta miƙo hannu wajen littafin, ni ta miƙo wa, ba mai shi ba. Na karɓa daga hannun ɗalibar na ba ta. Ba ta karatun boko, amma ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, har ƙarshe. Ta rufe, ta shafa bangon.

"Malama, wagga kasuwa ta ina ce?"

"Katako ce, Inna, nan Yamai."

"Ba nan aka yi ba," in ji ta. "Kasuwar garinmu ce. Kuma yarinyar ba ta kai haka girma ba lokacin."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai ƙasa. Ashe ita ce mai jan kallabin.

Dattijuwar ta ɗora littafin a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ta tambaye ni ko gaskiya ne yanzu aji guda za a ba waccan, ita kaɗai. Na ce gaskiya ne, in Allah ya so da an koma hutu. Ta ce yara kamar nawa? Na ce a ƙauye suna iya kai hamsin, ko su fi. Ta jinjina kai.

"To, ki faɗa mata ta riƙa ƙirga su kullum kafin ta sallame su."

Ɗiyar tana durƙushe a gabanta, ko taku ɗaya babu tsakaninsu. Na juya na dube ta, na ce, "Innarki ta ce ki riƙa ƙirga su."

Ta ce, "To, Madam," hawaye na zuba kan gwiwarta.