Tuwon Kaka a Mina

Bara, da Baba ya kai audugarsa Funtua ya dawo, ya tara mu a tsakar gida ya ce lokaci ya yi da mahaifiyarsa za ta sauke farali. Shi ba zai iya barin sharar gona ba, ga damina na matsowa, ƙanensa kuma yana jinya. Mace ba ta tafiya sai da muharrami, don haka abin ya faɗo kaina, ni ɗan shekara goma sha shida wanda bai taɓa wuce kasuwar Malumfashi ba.

Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne zai tsare ni? Miji kamar sillen kara?"

Na ce, "Ki yi maneji da shi, amarya. A shekarunki wa zai taya?"

Jirgin sama bai dami Kaka ba, tekun da aka ce za mu ƙetare ma bai dame ta ba. Tuwo ne damuwarta. Tun ranar da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa yin Babbar Sallah ba sai ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka da hannunta, ta aika wa maƙwabta kwano kwano, har gidan Maguzawan da ke ƙetaren rafi. Ta ce Sallar da hayaƙin murhunta bai tashi ba, a je a duba, ta mutu. Liman ya yi mata bayani cewa alhazai ko sallar Idi ba su yi, ranar jifa ce da yanka da aski. Ta ce, "To Malam, ba su cin abinci ne?" Ta haɗa buhun garin dawa, da kuka, da kanwa, da barkono, da daddawa, ta ɗora muciyarta a kai.

A Kano aka ɗora kayanmu kan sikeli. Mai awon ya ce buhun gari kaɗai ya cika mana nauyi, sauran sai dai mu bar su. Kaka ba ta yi musu ba, ta ja ni bayan katanga. Kuka da kanwa da barkono ta ɗaure su a ƙugu ƙarƙashin zane, nan take ta yi ƙiba kamar matar sarkin pawa. Muciya ta zama sanda, tsohuwar da ke zuwa garin Ƙarfi a ƙafa ta dawo kafin azahar ta fara ɗingishi. Daddawa kuwa, dunƙule goma sha biyu, ta jera su cikin hulata haɓar kada, ta kifa mini a ka ta danna.

Da jirgi ya ɗaga, hanjina ya sauka ya zauna a Kano, ni na yi gaba. Kunnuwan kowa suka toshe, sai ga dattawa suna gaisawa da ƙarfi kamar masu kiran juna a gona. Kaka ta leƙa taga ta ga gajimare a ƙarƙashinmu, ta ce tunda mun wuce hadari ba a jiƙa garinta ba, da sauƙi. Ni kuwa gumi ya fara aikinsa a cikin hula. Wani dattijo ɗan Dandume da ke gefena ya shinshina dama, ya shinshina hagu, ya ɗaga ƙafa ya duba takalminsa. Daga baya ya raɗa mini cewa yana zaton ɓera ya mutu a cikin injin. Na ce ni ma haka nake zato.

Aka sauka Kartum shan mai, aka ce na ɗan lokaci ne. Sai wata farfela ta ƙi juyawa. Muka wuni ƙarƙashin rumfar kwano, rana na dukan kaina, ina jin daddawa na laushi tana bin siffar ƙoƙon kaina. Da la'asar malamin da ke jagorancinmu ya miƙe ya ce tunda daga nan sai Jidda, maza kowa ya yi wanka ya ɗaura harami a nan. Ba riga, ba wando, ba aljihu, kuma kai a buɗe. Wannan ne abin da ni da Kaka ba mu lissafa ba.

Na tuɓe hula a gaban jama'a. Hular ta fita, daddawar ta tsaya, ta zama wata hular baƙa wuluk daidai kaina. Sai da Kaka ta sa bakin muciya ta ɓamɓare ta tana cewa, "Tsaya cak, kada ka zubar mini da rabin miya." Dattijon Dandume ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen jagora.

"Gafarta Malam, an ce mai harami ba ya shafa turare. Wannan na kan yaron fa?"

Malam ya toshe hanci da gefen haraminsa ya ce, "Wannan ba wanda zai kira shi turare, ko a nan ko a lahira."

A Jidda kayan kowa suka fito ban da buhunmu. Aka ce wataƙila yana jirgin baya. Jirgin baya ya zo, na bayansa ma ya zo, shiru. Kaka ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa, ta tsaya Arfa tana kuka tana jero sunayen matattu da rayayyun garinmu, amma na san wani lungu na zuciyarta yana wajen gari. Shinkafar da mai masauki ke ba mu, loma biyu take yi ta ture. Ranar Arfa da yamma ta ce da ni a hankali, "Maigida, gobe fa Sallah."

Da safe a Mina, bayan na dawo daga jifa, na shiga tsakanin tantuna ina tambaya da hannu da baki. Ana ta nuna mini burodi. Can na ji wata mai sayar da shayi tana yi wa ɗanta faɗa da Hausa tsantsa. Takari ce, irin mutanenmu da suka zo a ƙafa tun da daɗewa suka zauna. Ta ce tana da garin dawa na mutanen Yaman, amma na 'ya'yanta ne, ba na sayarwa ba. Na ce ai ba kuɗi na zo da su ba, na buɗe ƙullin daddawar da Kaka ta sake dunƙulawa. Ta karɓi dunƙule ɗaya ta kai hanci ta lumshe ido. Ta ce rabonta da ta kalwa tun tana budurwa. Dunƙule huɗu na ba ta, ta cika mini ƙwarya, ta ara mana tukunya biyu da itace.

Saura murhu. Na samo dutse na farko, ƙato kamar kan bijimi, na rungumo shi ina nishi. Dattijon Dandume ya tare ni a ƙofar tanti ya ce, "Alhaji ƙarami, tsakuwa bakwai aka ce. Me Shaiɗan ya yi maka haka?"

Kafin azahar hayaƙi ya tashi a bayan tantinmu. Ɗingishi ya warke, muciya ta koma bakin aikinta. Mutanenmu suka kawo naman hadaya aka zuba a miya. Ƙamshi ya bi iska, sai ga Katsinawa da Zazzagawa suna fitowa daga tantuna kamar an buga gangar gayya, kowa da kansa sabon aski yana walƙiya. Kaka ta hana kowa taɓawa.

"Maƙwabta tukuna," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, maƙwabtanmu na dama Turkawa ne, na hagu mutanen Jawa. Ko sannu ba su ji."

"Bakinsu ne zai ci ko kunnensu? Ɗauki kwano."

Na kai. Turkawa suka zagaye malmala suna shawara, wani ya kawo wuƙa zai yanka. Na zauna na nuna musu yadda ake gutsura, a murza, a dangwala. Mutanen Jawa kuwa suka sha miyar suna ɗaga mini babban yatsa, suka nemi ƙarin barkono.

Muna cikin cin namu wata tsohuwa Baturkiya ta ɗaga labulen tanti riƙe da kwanonmu, an wanke shi tas, an cika shi da busasshen ɓaure da wata alewa mai gari a jiki. Ta zauna kusa da Kaka, ta yi magana mai tsawo da yarensu. Kaka ta amsa mata da Hausa, ta ba ta labarin buhun da ya ɓata, da yadda dawar nan ba ta kai ta gonarmu danƙo ba. Kowace tana gyaɗa kai a daidai inda ya kamata. Da baƙuwar ta tafi na tambayi Kaka me ta ce.

Ta ce, "Ina ruwanka da zancen mata? Miƙo mini ragowar miyar nan."

Malmala biyu da rabi ta ci, ta suɗe hannu, ta jingina da sandar tanti tana taunar ɓaure.