Gyaran da Na Yi wa Hedifon ɗin Baba

Ina da wata cuta da har yau ban warke ba: ba na iya ganin kayan wuta a lalace in wuce. Ko gidan mutane na shiga na ga soket yana reto, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na daɗe ina gyaran waya da sayar da caja da iyafis a wani ɗan shago a bakin Kasuwar Jalingo, kuma yabon da ake yi mini ya hau mini kai. Wannan rawar kan ce ta kai ni ga hedifon ɗin Baba.

Ni na saya masa shi tun Mama tana da rai, irin babban nan mai rufe kunne gaba ɗaya. Da can labarai yake ji da shi. Bayan rasuwarta sai ya koma jin abu guda, waƙar zumuntar matan cocinmu, wadda ni da kaina na ɗauka wata Lahadi na zuba masa a memorin wayarsa. Mama ce take bayarwa, sauran mata suna amshi. Duk duniya ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan. Kullum da yamma, in rana ta yi sanyi, Baba zai ja kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, ya kafa hedifon, ya lumshe ido. A wannan lokacin ko akuya ta shiga masa hatsi ba zai motsa ba.

Sai dai hedifon ɗin ya ga duniya. Fatar soson kunnen ta daɗe da ɓarewa, shi ne Mama ta yanki ƙyalle daga tsohon zanen zumuntarta ta lulluɓe kowane soso, ta bi shi da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana. Ƙyallen ya sha gumi har ya koma launin ƙasa. Igiyar kuwa, kada ka so ka gani. A tsakiyarta akwai wani ƙulli kamar ƙwan zabo, an naɗe shi da baƙin tef, ɓangaren dama kuma ko tari ba ya yi. Sau nawa abokaina suka zo gaishe shi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A ce uban mai gyara ne da wannan abu a kansa!

Wata Asabar ya tafi Lau duba gonar shinkafarsa, zai kwana biyu. Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na sunkuci hedifon na yi shago da shi. Na ɓalle sosunan nan biyu, na sa sababbi na fata masu laushi. Na kwance igiyar tun daga tushe na sa sabuwa mai kauri. Ƙullin nan ko buɗe shi ban yi ba in ga me ke ciki. Wai ni ina ruwana da aikin wani ɗan koyo. Na haɗa tsohuwar igiya da sosunan Mama na wurga a kwalin shara, kafin in rufe shago masu kwasa sun tafi da su.

Da na gwada, har tsikar jikina ta tashi. Ranar da na ɗauki waƙar makirfo biyu na kafa, ɗaya a gaban Mama, ɗaya a gaban matan. Yanzu ga Mama tana fitowa tas a kunnen dama, ga amshi a hagu, kamar kana tsaye a tsakiyarsu. Na ce lallai Baba bai taɓa jin waƙar nan yadda take ba sai yanzu. Na samo jan farce na ɗiga a ɓangaren hagu don kada ya rikice.

Ya dawo ran Litinin, ko ruwa bai gama sha ba na miƙa masa.

"Baba, ga hedifon ɗinka ya koma saurayi."

Ya karɓa ya juya shi, ya sake juyawa. Ya shafa sabon soson da babban yatsansa.

"Tsofaffin fa?"

"Suna shago," na ce. Ƙaryar ta fito ne kafin in yi shawara da ita.

"To, ka ajiye mini su."

Ni na kafa masa shi a kai da hannuna. Na ce, "Ka ga jan ɗigon nan? Kullum a hagu. Kada ka juya shi, Baba, in ka juya ka ɓata sautin." Har da ɗaga masa yatsa, kamar malamin firamare. Na kunna. Ya saurara kamar minti ɗaya, idonsa a buɗe, yana kallon katanga. Sai ya cire ya ɗora a cinya.

"Ka yi ƙoƙari, injiniya. Allah ya yi maka albarka."

Ni kuwa na tafi ina jin kaina kamar na gina masa gida.

Daga ranar hedifon ya koma kan ƙusa a ɗakinsa. Da yamma zai fito ƙarƙashin mangwaron ya zauna, hannuwa a kan gwiwa, ba komai a kansa. Na tambaye shi, ya ce zafi ne, fatar tana sa shi gumi. Gaskiya ne lokacin bazara ce, zafin Jalingo kuwa ba sai an ba ka labari ba. Amma ni haushi na ji. Har waya na yi wa yayata da ke aure a Sunkani ina mita, wai tsofaffi ba a iya musu, ka ɓata yini kana yi musu abin kirki su rataye a ƙusa. Ina kallo tuwonsa yana dawowa da saura, na ce zafin ne shi ma. Mako uku muka yi a haka.

Da Yaya ta zo ganinsa, ta shiga share masa ɗaki, sai na ji ta ƙwala mini kira. Na same ta riƙe da hedifon tana bin igiyar da yatsu.

"Kai, ina igiyar da Mama ta kai aka haɗa?"

"Wannan ruɓaɓɓiyar? Ai ɓangare ɗaya ma ba ya yi."

"Wayyo Allah. Kai dai shisshiginka zai kashe mu." Ta janyo ƙofa ta rage murya. "Kunnen Baba na dama ya mutu tun yana aikin injin casar shinkafa a Lau. Ya hana Mama ta gaya wa kowa, wai kada yara su riƙa yi masa ihu kamar kurma. Ni ma don na raka ta wajen mai gyaran rediyo ne na sani. Ita ta ce a tattara sautin duka a zuba a hagu. Shekara nawa kana gidan nan, ba ka taɓa lura ta hagunsa take zama ba? A mota, a tabarma, ko hanya suke tafiya?"

Ban taɓa lura ba. Ni da nake gane lasifikar da ta fashe tun daga tsallaken titi.

Na kafa hedifon, na ɗage ɓangaren dama daga kunnena, na kunna. Mata suka amsa. Shiru. Suka sake amsawa. Shiru kuma. In ka kasa kunne sosai za ka ji wani abu can nesa, kamar ana magana a gidan maƙwabta. Abin da na ba mahaifina ke nan, na kuma ja masa kunne kada ya juya. Na cire shi na zauna a bakin gadonsa.

Na fita na durƙusa ta hagunsa. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba ka jin Mama ba?"

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Na ɗauka wajen gyaran ne ka goge ta. Na ce in na faɗa, yaron nan ba zai yafe wa kansa ba."

Ashe mako ukun nan makoki na biyu yake yi shi kaɗai, yana kuma rufa mini asiri. Ni kuwa ina waya ina kai ƙararsa.

A nan gabansa na yi aikin. Na ɗauko reza na yanka sabuwar igiyar nan da nake taƙama da ita, na feɗe ta, na haɗa dama da hagu na tura su ɓangare guda, na naɗe da baƙin tef. Ƙullina ya fi na mai rediyon muni. Na miƙa masa, wannan karon babu ɗaga yatsa. Ya kafa da kansa. Ba a jima ba idonsa ya lumshe, leɓɓansa suka fara motsi. Yaya ta juya ta shige kicin.

Ina tsaye ina kallonsa sai na ga hannunsa ya tashi zuwa kunne, babban yatsan yana bin gefen soson yana laluben ɗinki. Ashe haka yake yi kullum, shi ma ban taɓa lura ba. Da waƙar ta ƙare ya cire, fuskarsa a sake.

"Yauwa, ta dawo. Saura ƙyallen. Gobe ka taho mini da su."

Washegari tun da safe na je bolar bayan kasuwa, ko da yake na san aikin banza nake yi. An ƙone ta ya fi sau nawa tun ranar. Na tona toka da sanda har masu kayan miya suka fara kallona.

Da yamma na same shi a ƙarƙashin mangwaro. Na yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani na yi niyya. Amma da na matso sai ƙafafuna suka zagaya da ni ta damansa. Na tsaya a nan na ce, "Baba, na zubar da su. Tun ranar na zubar, an ƙone su." Yana ta kallon gabansa, yana korar ƙuda da hula. Da ya juyo ya gan ni sai ya yi murmushi.

"Injiniya, ka zo da su?"

Na zagayo ta hagu na ce, "Na manta, Baba."

Har yanzu yakan tambaya, ba kullum ba, kuma ba da faɗa ba. Sau huɗu ke nan ina gaya masa gaskiya, duka huɗun ta dama.