Kwalin da Alhaji ya rataya a ƙofa

Jiya na ji 'yata ta ce wa ƙaninta, "Kar ka yi distob ɗina," sai Alhaji ya faɗo mini a rai.

Dattijo ne ɗan Kano mai zuwa sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu da ke Guangzhou. Ni kuma a lokacin ina karatu a garin, nakan yi wata guda ban ji Hausa ba. Idan ya zo, a ɗakinsa na otal nake shan shayi mai citta, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin.

Wani zuwan na tarar da kwali a ƙofarsa, an rubuta da Turanci kada a yi distob. Na juya. Kashegari ma haka. Rana ta uku na daure na ƙwanƙwasa, na same shi zazzaɓi ya galabaitar da shi, leɓɓansa sun bushe. Bai yi boko ba, ya ɗauka ado ne ya rataya. Da kunya na gaya masa ma'anar rubutun.

A asibiti likita ta tambaya da Turanci me ke distob ɗinsa. Da ya ji kalmar, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe suna ɗaya Bature ya ba ciwo da baƙo? To ni dai ka riƙa distob ɗina kullum."

Zuwansa na ƙarshe ke nan. Na ƙara shekara biyu a garin ba ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa mala'ikun rahama su ɗebe masa kewa.